Injiniyan makanikal tun daga zane, ko fulamba da mai esi bayan an zuba dekin?

Wannan tambayar ta sha zuwa min, musamman daga masu shirin ginin bene a Kano da Kaduna. Akitek ya gama zane an biya shi, injiniyan ƙarfin gini ya fitar da lissafin rodi shi ma an sallame shi, sai kuma a ce wai akwai wani injiniyan makanikal da za a biya, mai gini ya ce toh shi kuma aikin me zai yi, ba ga fulamba ga mai esi muna da su a unguwa ba? Na daɗe ina kula da sayit, na yi aiki da duka ɓangarorin biyu, kuma kowanne akwai inda ya fi ɗan uwansa, shi ya sa nake so mu baje su a faifai kafin mutum ya yanke shawara, don shawarar nan tana da wa'adi, ranar da aka zuba dekin ta ƙare.

Da farko dai mu san me shi injiniyan yake yi, don da yawa in an ce makanikal hankalinsu gareji yake tafiya. A gini, duk abin da yake tafiya a cikin bango da ƙarƙashin daɓe da saman silin wanda ba wayar wuta ba, nasa ne: ruwan sha daga bohol zuwa tanki zuwa famfo, ruwan datti daga banɗaki zuwa sokawe, ruwan sama daga rufi, sanyi, shigar iska da fitarta, hayaƙin kicin da na janareta, bututun gas, kayan kashe gobara, lifta in akwai. Ba shi zai riƙe sifana ba. Aikinsa lissafi ne da zane, ya ce ɗakin nan sanyi kaza yake buƙata, fayif ɗin nan inci kaza zai zama, ta nan zai bi, a nan za a bar masa rami a dekin. Fulamba da mai esi su ne hannun da zai ɗaura. Kaga kenan ko ka ɗauki injiniya ba za ka rabu da su ba, abin da kake zaɓa shi ne wa zai yi tunanin: wanda ya zauna ya lissafa tun gini yana takarda, ko wanda aka kira bayan kankare ya bushe aka ce ya san yadda zai yi.

Bari na fara da abin da na gani da idona, don shi ya canza min tunani. Kawuna ya gina masaukin baƙi, bene hawa biyu, ɗaki 14 kowanne da banɗakinsa. Na ce Kawu a nemo injiniyan makanikal kafin a ɗaura katakon dekin, ya ce ɗana bar wannan, fulamban da zan kawo ya fi shekara ashirin yana aikin nan, gidana ma shi ya yi. Kuma gaskiya ne mutumin ya iya aikinsa. Amma an kira shi ne bayan an zuba dekin biyu an yi bulo. Ranar da na shiga sayit ɗin na tarar da yaransa biyu a kan tsani da guduma da cizal suna huda, ƙura ta cika wajen, sun fasa dekin sun sauko daidai kan bim, rodi ya fito tsirara, guda biyu ma har an sa zarto an yanke don fayif mai inci 4 ya samu hanya. Na ce Malam wannan fa bim ne, shi ke ɗauke da benen. Ya kalle ni ya ce Oga ni ma na sani, amma masai yana nan sama, sokawe yana can baya, ruwa dole ya bi wani wuri, ka nuna min inda aka bar min. Wallahi ban da amsa, don ba a bar masa ba. Sai da aka dawo da injiniyan ƙarfin gini ya duba, aka yi gyaran da ya ci kuɗi da sati uku, sannan aka zagaya da fayif ta waje yana manne a jikin bangon gaba inda kowa ke gani.

Ba laifin fulamban ba ne, a makare aka kira shi. Da akwai zane, kafin a zuba kankare sai kawai a yanko guntun fayif a kafa shi a cikin katakon dekin daidai inda kowane masai zai zauna, kankare ya zagaye shi, shikenan rami ya samu ba guduma ba yanke rodi. Banɗakunan sama a jera su kan na ƙasa, a bar wani siririn lungu daga sama har ƙasa wanda duk fayif za su bi ta ciki, da ƙaramar ƙofa ta yadda in abu ya toshe ba sai an fasa tayil ba. Wannan shawarar da akitek ake yin ta, tun ɗakuna suna layi a kwamfuta, matsar da banɗaki a lokacin minti biyar ne.

Toh mu ɗauki ruwa tukun. Fulamba yana aiki da abin da ya saba, kuma a ƙaramin gida sabo yana isa. Amma ruwa yana da lissafin da ba ya sauraron kowa. Ƙarfin ruwan da ke saukowa daga tanki tsawo ne yake ba da shi, duk mita 10 na tsawo yana ba da kusan bar 1 a ma'aunin matsi. Kenan in tankinka mita 3 kawai ya ɗara kan shawar hawa na sama, abin da za ka samu bai kai sulusin bar ɗaya ba, shi ne za ka ga na ƙasa ruwa na zuba da ƙarfi na sama kuma yana ɗiga kamar hawaye, in an buɗe famfo uku lokaci ɗaya ma ya ɗauke gaba ɗaya. A masaukin Kawu haka aka yi, da asuba kowa ya tashi wanka da alwala lokaci guda, baƙin sama suna ta kiran risafshan. Injiniya zai ƙirga famfo nawa ne, nawa ake zaton za a buɗe tare, ya fitar da kaurin fayif daga babba zuwa ƙarami, ya ce a ɗaga tanki ko a sa famfon ƙara matsi. Masallaci ma nan ne ake shan wahala, wajen alwala mai famfo talatin da za a buɗe gaba ɗaya minti goma kafin huɗuba, amma an ja masa layi da siririn fayif irin na gida.

Sai nauyin tankin kansa. Lita 1000 na ruwa tan ɗaya ne cur. Tanki mai lita 5000 tan biyar kenan, mutum ya sayo biyu ya ɗora a kan dekin da ba a lissafa da su ba. Wannan magana ce da dole injiniyan makanikal ya faɗa wa na ƙarfin gini tun kafin a fitar da rodi, fulamba kam ba a tambayarsa sai tanki ya iso a mota.

Ruwan datti shi kuma gangara yake so. Abin da aka saba ga fayif ɗin masai shi ne ya sauka kamar santimita 2 da rabi a duk mita ɗaya, wato in tsakanin banɗaki da sokawe mita 20 ne, sai ya gangara rabin mita. In ba a san da wannan ba lokacin da ake yanke tsawon daɓe, sai a wayi gari bakin sokawe ya fi fayif tudu, a kwantar da shi kusan a miƙe, kullum toshewa. Akwai kuma bututun numfashi da ake fitarwa sama da rufi, da yawa suna ganin ɓarnar fayif ce su tsallake shi, alhali in babu shi duk sanda aka kora ruwa a sama sai ya zuƙe ɗan ruwan da ke kwance a gwiwar masai ko sinkin ƙasa, wanda shi ke tare wari, sai ka shiga ɗaki mai kyau da tayil da labule amma wari ya hana ka zama, a yi ta kunna turaren wuta ba a san daga ina ba. Ga batun nisan sokawe da rijiya ko bohol, ƙa'idar da aka fi yawan bayarwa aƙalla mita 15, wasu ma 30 suke cewa. Fulotinmu na ƙafa hamsin da ɗari kuwa kusan mita 15 ne a 30, kaga ba wajen wasa, in bohol na gaba dole sokawe ya koma can ƙarshe, kuma sai an leƙa an ga ina maƙwabci ya haƙa nasa. Wannan lafiyar iyali ce, taifot da kwalara ta irin wannan hanyar suke shiga gida.

Yanzu sanyi, inda kuɗi ya fi zurarewa. Mai esi zai shigo ɗaki ya kalla ya ce Alhaji nan doki ɗaya da rabi ya isa, falo a sa biyu. A ɗakin kwana na gida sau da yawa yana dacewa. Abin da ake kira doki ɗaya a kasuwarmu kusan BTU 9,000 ne a ma'aunin ƙarfin sanyi, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000, kuma shi 12,000 ɗin daidai yake da kilowat 3.5 na sanyi. Amma girman ɗaki kaɗai ba ya faɗin komai. Ɗaki biyu masu girma ɗaya, ɗaya yana ƙasa yana kallon arewa, ɗaya yana sama ƙarƙashin kwano da babbar taga ta gilas tana kallon yamma, rana ta dake shi daga azahar har magariba a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, ai ba za su ci esi iri ɗaya ba. Sannan mutane su ma murhu ne, mutum a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, in yana motsi ya fi haka. Ɗakin taro mai cin mutum 200 kilowat 20 kenan daga jikin mutane kaɗai, kusan esi shida masu doki ɗaya da rabi, ba a zo kan rufi da fitilu da tagogi ba. Shi ya sa za ka je wajen biki an jera esi a bango duk suna aiki amma mata na ta fifita da katin gayyata.

Wani abin da ba kowa ke dubawa ba, ƙarfin da aka rubuta a kwali yawanci an auna shi ne da zafin waje na digiri 35. In zafi ya haura haka injin yana ba da ƙasa da abin da aka rubuta, akwai kuma waɗanda aka yi don ƙasashe masu tsananin zafi, ana sa musu alamar T3. Injiniya na ƙwarai zai rubuta wannan a takardar sayen kaya. Zai kuma zaɓa wa injinan waje mazauni tun a zane, inda iska ke wucewa, ba a cusa takwas a siririn lungu kowanne na shaƙar zafin da ɗan uwansa ya fitar ba, ba kuma a bangon yamma ba. Da hanyar da ruwan esi zai bi ya fita, don shi ne yake zana koren layi a jikin fenti ko ya ɓata silin.

Sayen wanda ya yi girma shi ma asara ce. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit, duk wanda ke da shago ko otal ya san esi ne yake cinye ribarsa, kuma girman janareta da yawan sola duk a kan lissafin esi ake gina su. In an yi kuskure a nan, kuskuren yana bin ka har gidan mai.

Kuma esin bango, wanda muke cewa sifilit, ba ya shigo da sabuwar iska, ta cikin ɗakin yake juyawa yana sanyaya ta. A ɗakin kwana ba damuwa, ana buɗe ƙofa da taga. Amma asibiti, ɗakin tiyata, ɗakin gwaji, kicin ɗin gidan abinci, banɗakin da ba shi da taga, ɗakin janareta, duk waɗannan sai an tsara yadda gurɓatacciyar iska za ta fita sabuwa ta shigo. Hayaƙin janareta ba sai na faɗa ba, duk mun sha jin iyali sun kwanta ba su tashi ba. A irin waɗannan gine-ginen ni ban ma ɗauke shi zaɓi ba. Haka kayan gobara a kasuwa ko filaza, wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san tukunyar kashe wuta biyu a bakin ƙofa ba tsari ba ne, ana buƙatar tankin da aka ware, da famfonsa, da tiyo a kowane hawa, a manyan wurare har da kawunan feshi na silin, masu jar kwalbar nan da ke fashewa in zafi ya kai digiri 68.

Toh amma kar na yi wa masu sana'a rashin adalci, akwai inda suka fi injiniya nesa ba kusa ba. Fulamban da ke shiga kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano kullum ya san wane fayif ne na gaske wane ne jabu, da ya ɗaga ya ji nauyinsa ya gane, ya san wane kan famfo ne ake samun robarsa in ya lalace. Mai esi ya san wane samfuri ne yake jure wutarmu da ƙurar hunturu, wanne ne in allonsa ya ƙone sai dai a jefar. Suna kusa, in abu ya ɓaci ƙarfe goma na dare su za ka kira, kuma kuɗinsu da sauƙi. Injiniyoyi kuma ba duka ne na Allah ba. Akwai wanda zai kwafo zanen wani gini ya canza suna ya buga hatimi, don dai a samu takardar izinin gini daga hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ko ta Kaduna, KASUPDA, ko ofishin kula da gine-gine na Abuja, bai taɓa taka fulotin ba, irin wannan zanen a durowa yake ƙarewa kuma kuɗinka ya tafi a banza. Akwai kuma wanda zai rubuta maka tsarin VRF, wanda kamfanin Daikin ya fara fitowa da irinsa a 1982, injin waje ɗaya yana ciyar da ɗakuna da yawa kowanne da nasa rimot, abu ne mai kyau da tsimin wuta ga otal ko ofis babba, amma yana son tsayayyiyar wuta da ƙwararren mai gyara, in garinku babu sai an ɗauko daga Abuja ko Legas, kuma ranar da injin wajen ya tsaya duk ɗakunan da ke kansa sun tsaya. Sifilit kuwa in ɗaya ya mutu ɗaki ɗaya ne ya rasa sanyi, yaron unguwa ya gyara shi kafin la'asar. Injiniyan da bai tambaye ka wace irin wuta kake samu da wa zai riƙa yi maka gyara ba, bai gama aikinsa ba.

Ga yadda ni nake raba abin in an tambaye ni. Gidan da ba bene ba mai ɗaki uku ko huɗu, banɗakuna a jikin bangon waje, tanki a kan ƙarfensa daban: ƙwararren fulamba da mai esi sun isa, da sharaɗin a kira su tun ana fandesho su zauna da birkila, ba bayan filasta ba. Duplas na iyali yana tsakiya, a nan ina ba da shawarar a biya injiniya ko da na zane ne kawai, saboda banɗakunan sama da tanki. Amma da zarar gini ya zama na haya mai hawa biyu zuwa sama, ko otal, asibiti, makarantar kwana, filaza, ɗakin taro, babban masallaci, gidan burodi ko masana'anta, a ɗauke shi tun akitek bai rufe zane ba, kuma a yi yarjejeniya har da zuwa sayit, don zane ba tare da dubawa ba rabin aiki ne, ma'aikata in ba mai tsaya musu sabonsu za su koma.

In za ka ɗauka, ka nemi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya tun dokar 1970, ka kuma tabbatar a fannin makanikal aka yi masa. Ka ce ya nuna maka lissafin sanyi ɗaki bayan ɗaki a rubuce, ba zane kaɗai ba, wanda ya kwafo ba zai iya kawo wannan ba. Ka ce ya kai ka wani gini da ya yi wanda ya shekara biyu ana amfani da shi, ka hau hawa na ƙarshe ka buɗe shawa, ka shiga banɗakin ƙasa ka shaƙa. Ka sa a rubuta sau nawa zai zo: kafin zuba kowane dekin, kafin filasta, da ranar gwaji. Gwajin nan kar ka yarda a tsallake shi ko da fulamba kaɗai kake aiki, a toshe bakunan fayif a ɗura ruwa da matsi a sa agogon awo a bar shi, in allura ta sauka akwai yoyo, a nemo shi tun ba a rufe da tayil ba. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka kafin a shafe shi, ka karɓi zanen yadda aka yi aikin a zahiri, don wata rana kafinta zai zo kafa madubi da dirila.

Kawu da ya tashi gina ɓangare na biyu a bayan masaukin, da kansa ya kira ni ya ce ɗana nemo min mutumin naka. Fulamban nan dai shi aka sake ba aikin. Ana gobe za a zuba dekin muka hau kan katako mu uku da yamma, injiniya riƙe da zane, fulamba da tef, muna bin guntayen fayif ɗin da aka kafa tsakanin rodi muna ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, an cusa wa kowanne buhun siminti a baki don kar kankare ya shiga. Muka tarar biyu sun goce da kusan taƙi ɗaya daga inda masai zai zauna, fulamba ya kwance waya ya matsar da su ya sake ɗaurewa kafin a kira magariba.